Ƙunshin da Aka Yi wa Ijja

Turken tanti ne ya soke ta, irin siririn ƙarfen nan da baƙi ke kafawa a ƙarƙashin itatuwan tuffa na bayan gidan, su tashi da sassafe su manta da shi a cikin ciyawa. Ijja ba ta ma ji shigarsa ba. Shekara shida ke nan ciwon sukari ya kashe mata tafin ƙafa, ko garwashi ta taka sai ta ji ƙauri kafin ta ji zafi. Sai da ta gama kwashe shanya ta dawo madafa, ta ga takalmin robarta na hagu yana barin jan sawu a kan siminti, sannan ta zauna ta duba.

Yamna, matar ƙanenta, ta leƙo daga bakin ƙofa da tiren shayi a hannu.

"Wannan ɗan ramin? Kai, Lalla Ijja, ke ma dai. Kwaɓa lalle ki toshe shi, kafin jibi ya kame."

"Malamar asibiti ta ce duk ranar da na ji ciwo a ƙafa, kada in bari ya kwana biyu ban je ba."

"Malamar asibiti ba ta da baƙi tara masu jiran abinci."

Gidan na Addi ne, ƙanen Ijja, haka dai allon da ke ƙofa ya ce. Masauki ne na masu tafiyar ƙasa a kan duwatsu, kuma ƙauyensu, Tizgi, shi ne na ƙarshe kafin a shiga kwana huɗu babu gida babu kanti. Addi ke da murmushi da waya da Faransanci. Yamna ke da rigar ado da iya ɗaga buta sama in tana zuba shayi. Sauran duk na Ijja ne: burodi, miyar tajin, wanki, wankin bayan gida, share kashin alfadari. Shekarunta arba'in da bakwai, ba ta taɓa aure ba, kuma a bayanta Addi ya girma.

Motar kasuwa ran Laraba kaɗai take zuwa, ita ma a bakin gada take tsayawa, tafiyar sa'a guda a gangare. Asibitin yana garin kasuwa. Mai ƙafa irin ta Ijja sai a kan alfadari za ta kai gada, kuma macen Tizgi ba ta shiga wannan motar ba namijin gidansu, direban ma sai ya tambaye ta ina mai ita. Saboda haka duk maganar ta koma hannun Addi.

"Laraba in Allah ya kai mu," ya ce yana latsa waya, bai ko sunkuya ya kalli ƙafar ba. "Ni da kaina zan sauka da ke."

Laraba ta zo da Faransawa goma sha biyu.

"Lalla, ki dubi Allah ki dube ni. Mutum sha biyu! Wa zai gasa burodi?"

"Hannun matarka ya karye ne?"

"Kin san nata ba ya tashi. Ran nan da ta gwada, wani ya rubuta wai burodinmu ya yi kama da tubali. Tauraro uku ya ba mu. Uku, Lalla!"

Baƙi in sun tafi sukan ba gida taurari a waya, biyar ne ƙarshe, Addi kuwa ya fi tsoron tauraro uku a kan ciwon ajali. Ijja ta toshe ramin da sabon lalle, ta ɗaure da tsumma, ta hura tanderu.

Kafin Laraba ta biyu ƙafar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai da ta tsaga shi da wuƙa. Ciwon da ba ta ji a tafin ƙafa ba ya hauro ya same ta a ƙwauri, yana sara yana saki. Ranar kuma alfadarin ne babu, an ba da shi haya ya kai kayan wasu Sifaniyawa kan tudu.

"Da kin tuna mini jiya ai da ban ba da shi ba," in ji Addi.

"Jiya sau uku na gaya maka."

"To ban ji ba. Kullum cikin mita kike, mutum ya rasa wacce ce ta gaske."

A makon ne wari ya fara. Yamna ce ta fara toshe hanci, ita ce kuma ta kwashe tabarmar Ijja da bargonta daga ɗan ɗakin da ke kusa da na baƙi, ta kai su ɗakin harawa, jikin garken alfadari. Ta ce can ya fi iska, iska kuwa tana busar da ciwo. Da yatsu biyu suka fara sauya launi, sai ta zo da kwano cike da lalle da fara'ar da Ijja ba ta saba gani ba, ta yi mata ƙunshi ƙafa biyu har idon sawu. A Tizgi lalle ake sa wa faso da bororo da kowane irin miki, babu wanda zai ga tsohuwar budurwa da ƙunshi ya tambaya. Baƙi kuwa kwalliya za su ɗauka.

Da aka wanke, Ijja ta daɗe tana kallon ƙafafun.

"Yamna, me ya sa ta dama ta yi ja, ta hagu ta yi baƙi?"

"Lallen bana ne, yana kamawa sosai."

"A ƙafa ɗaya yake kamawa?"

"Kowace ƙafa ai da jininta. Ni dai ba a taɓa yi mini godiya a gidan nan ba, na saba."

Ijja ba jahila ba ce a kan wannan. Ta ga yadda aka yi da wani kawunsu, daga yatsa aka fara, aka ƙare a cinya. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ƙudura a ranta cewa Laraba ta uku ko da jan ciki sai ta shiga motar nan.

Ran Talata da la'asar wata Baturiya ta iso, ita kaɗai, da jaka a baya da sanduna biyu. Sunanta Annelis, amma kafin ta cire takalmi mutanen gidan sun sa mata Doguwa. Kwana goma sha tara ta yi tana bin duwatsu daga gabas, leɓenta ya tsage, jakarta ta koma fayau. Ta ce gobe ba za ta taka ko'ina ba, hutu za ta yi, ta sake guzuri, jibi ta wuce.

Baƙon kwana ɗaya sauƙi gare shi, ya ci ya kwanta, kafin rana ta fito ya kama hanya. Mai hutun yini shi ne aiki. Komai nasa na buƙatar wanki, daga safa har jakar barci. Yana cin abincin ƙarti uku. Ga shi ba ya zama wuri ɗaya, sai leƙe-leƙe, ya shiga madafa, ya zaga bayan gidan, ya ɗauki hoton kaza. Irinsu ne kuma ke rubuta dogon labari a waya, wanda masu zuwa a baya ke karantawa. Tun a daren Addi ya karɓi takardar sayayyarta, ya ce kada ta wahalar da ƙafarta, shi zai sauka kasuwa ya sayo mata komai.

Da gari ya waye ya fito ya tarar da Ijja a jikin alfadari. Ta sa mayafinta na fita, katin asibiti na cikin rigarta, ta dogara da muciya, hannu ɗaya kuma ta naɗe shi da ragama. Gumi na keto mata duk da sanyin safiya.

"Ina zuwa haka, Lalla?"

"Inda ka ce za ka kai ni tun sati uku."

"Yau? Muna da baƙuwa a gida yini guda, kike maganar yau?"

"Ai sauka za ka yi. Ga alfadari, ga ka, ga mota. Me ya rage?"

"Mangalar cike take da tukwanen gas, ina za ki zauna?"

"Sauke ɗaya."

Ya zaro takardar daga aljihu ya kaɗa mata a fuska kamar ita ce hujja. "Kin ga abin da ke gabana? Kifin gwangwani, dabino, cuku, taliya, ƙaramin gas, batir, filasta, man shafa ƙafa. Kafin in zaga in haɗa wannan motar ta juyo. Yaushe zan bi layin asibiti?"

"Man shafa ƙafa," Ijja ta maimaita, ta yi wata dariya mara daɗi. "Allah sarki. Kada ka manta da shi, Addi, ƙafa abar lallaɓawa ce."

"Rage murya, tana barci."

"Ba zan rage ba. Sunkuya ka shinshina. Sunkuya mana! Ƙafar da ta yi ta hawa da sauka da kai a goye ce, ba ta wani ba."

A daidai nan Bassu, tsohon mai alfadarai na maƙwabta, ya biyo ta lungun da dabbobinsa biyu. Ya tsaya ya dubi ƙafar, ya dubi Addi.

"Ɗora ta mana, ɗan nan. In babu wuri a naka ga nawa."

"Dadda Bassu, maganar gida ce. Mun gode."

Bassu ya ce Allah ya sawwaƙe, ya kaɗa dabbobinsa. Haka Tizgi take. Kowa ya san abin da ke ɗakin harawar Addi, mata na zancensa a bakin rafi, amma da an ce maganar gida ce sai kowa ya tuna yana da tasa.

Addi ya matso ya yi ƙasa da murya, fuskarsa ba annuri.

"To bari in gaya miki. In na kai ki suka riƙe ki fa? Sati biyu, sati uku, a tsakiyar lokacin baƙi? In rufe gida? Wata ɗaya ya rage ƙanƙara ta toshe hanya. In ta toshe, ki je ki kwanta a asibiti har ki gaji, ba mai hana ki."

"Yau dai ka faɗi gaskiya."

"Gidan nan da kike gani shi ke ciyar da ke. Wa kike da shi in ba ni ba?"

Ba ta saki ragamar ba. Sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya, tana jin ƙarfin hannunsa, hannun da ita ta koya wa riƙe cokali. Ya ja alfadarin ya bi gangare bai waiwayo ba. Ta tsaya har ƙarar kofato ta ɓace. Ba ta yi kuka ba, baƙin cikin ya wuce nan. Daga sama Yamna ta leƙo ta taga ta ce a hanzarta da burodi, baƙuwa ta farka.

Doguwa ta ci burodi uku da zuma da man zaitun da ƙwai huɗu, ta koma ta kwanta, ta sake tashi ta nemi ƙari. Wajen hantsi aka fito mata da kujera tsakar gida, Yamna ta kawo baho da ruwan ɗumi da gishiri, ta durƙusa da kanta ta tsoma mata ƙafafu, tana ta "sannu, sannu" da guntun Faransancinta. Bororo ne guda uku a dunduniya da ɗaya a ɗan yatsa. Ijja na hango su ta ƙofar baya, inda take zaune a bakin magudanar ruwa da tulin kayan da suka yi kwana goma sha tara suna shan gumi. Ta miƙe ƙafar hagu a kan dutse, an rufe ta da buhu bisa umarnin Yamna. Ƙudaje dai ba su san da umarnin ba.

Ba ta tsani Baturiyar ba da farko. Amma tana cuɗa safa tana tunani: ga mace ta baro ƙasarsu, ba wanda ya kore ta, ba abin da ta rasa, ta zo tana kashe ƙafarta a kan duwatsu don marmari, an taru ana yi mata hidima. Ita kuwa tafiyar sa'a ɗaya ta gagare ta sati uku. Kafin ta gama da safar, haushi ya cika ta har wuya.

Bayan azahar Doguwa ta zagayo bayan gidan tana ɗingishi, za ta shanya jakar barcinta. Ta ga ƙafar Ijja ta dama a cikin ruwa, ja wur da lalle, sai ta yi ƙara don murna, ta durƙusa, ta nuna waya alamar neman izini, kafin a ba ta ta ɗauka.

Ijja ta yaye buhun ta jefar. Ta kwance tsumman.

"Ga wadda za ki ɗauka," ta ce da harshenta, wanda Baturiyar ba ta jin ko kalma ɗaya. "Ɗauki wannan ki nuna wa mutanenku. Ke ai Addi yana jin maganarki. Ki ce masa ya kai ni. Ki ce ba za ki ba shi tauraro ko ɗaya ba sai ya kai ni."

Doguwa ta ja da baya, hannunta a hanci. Murmushin ya gudu. Ta faɗi wata kalma da Ijja ta gane, kalmar likita, Ijja ta shiga gyaɗa kai da ƙarfi tana nuna gangare.

Sai ga Yamna a guje, har tana tuntuɓe. Ta tsaya tsakaninsu tana dariya tana zuba Faransanci, rabi da baki rabi da hannu. Ijja ba ta buƙatar tafinta, ta san abin da ake cewa. Maganin gargajiya ne, ganye ne da lalle, haka yake wari in yana aiki. Baƙin kuwa rini ne, ga ɗaya ƙafar ma an yi mata. Likita ya riga ya gani, gobe ma za a koma. Tsohuwa ce, ba ta son magani, sai an yi ta fama da ita. Baturiyar ta dubi baƙar ƙafa, ta dubi ja, ta dubi fuskar Yamna mai fara'a. A hankali kafaɗunta suka sauka. Mutum in ya gaji, yana son a ce masa ba komai.

Ta shiga ɗaki ta dawo da filasta guda biyu, na ƙarshe da suka rage mata, ta danƙa wa Ijja a tafin hannu, ta rufe da nata hannun tana faɗin wasu kalmomi masu taushi. Sannan ta juya ta tambayi Yamna ko ita ma za a iya sa mata wannan jan abin, tunda yana maganin ƙafa.

Da Baturiyar ta koma ciki, Yamna ta sunkuyo har numfashinta na taɓa kunnen Ijja.

"Rufe mana gida kike so ki yi? Ki tona mana asiri a gaban baƙuwa, don ke ba ki da ɗa ba ki da miji ba abin da za ki rasa? Wallahi in ta rubuta wani abu, ke da Addi ne."

"Allah ya isa tsakanina da ke, Yamna."

"Ya isar wa kowa. In kin gama wankin ki kwaɓa mata lalle, naki ya fi laushi."

Ta kwaɓa. Wannan ne abin da ya fi ci mata rai daga baya, cewa ta kwaɓa, har ta tace shi don kada ya yi gudaji.

Addi ya dawo da la'asar, mangala cike. Ya baje kayan a kan tabarma a gaban Doguwa, ɗaya bayan ɗaya tana duba takarda tana tafi, ba abin da ya manta, har da lemo da ya ƙara mata kyauta. Ta zauna da ƙafafu ɗaure cikin leda tana rarraba guzurin kwana huɗu a ƙananan jakunkuna. Da ya gama da ita ya leƙa ɗakin harawa ya ajiye wa Ijja leda a bakin ƙofa.

"Kada ki ce ban tuna da ke ba."

Ƙwayar rage zafi ce, da gwangwanin turaren fesa ɗaki.

Ran Alhamis da sassafe Doguwa ta ɗaure takalmi. A bakin ƙofa ta yi wa Addi magana tana nuna wurin da ta ga ƙafar Ijja, shi kuma ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai, alamar alkawari. Ta ɗaga sanduna ta bi hanyar tudu da sabon ƙarfi, kayanta na ƙanshin sabulu.

Ran Juma'a Tuda, matar Bassu, ta shigo aron yisti, ta tarar da Ijja kwance a gaban tanderu, burodi na ƙonewa, jikinta na kaɗawa, tana kiran sunan uwarsu da ta shekara ashirin a kabari. Tuda ba ta nemi Yamna ba. Ta fita tsakiyar lungu daidai lokacin da maza ke fitowa daga masallaci, ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, tana kiran sunan Addi da na ubansa, tana cewa a zo a ga yadda ake kashe mutum a gidan baƙi.

Abin da tausayi ya kasa yi a sati uku, kunya ta yi shi kafin a sha shayi. Nan da nan aka sami alfadari. Addi ya latsa waya, kafin su kai gada motar na jiransu, ranar da ba Laraba ba. Dama tana zuwa kowace rana in an kira direban aka ɗauke ta shata, haka ake yi duk lokacin da baƙo ya gurɗe a kan dutse. Kowa a Tizgi ya san haka. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa ana iya yi wa Ijja.

A asibiti wata ma'aikaciya ta sa auduga da ruwan magani tana goge lallen. Na ƙafar dama ya ɗan dusashe. Na hagu ta goga ta goga, sai ta tsaya, ta ajiye audugar ta fita kiran likita. Ijja na jin su sama-sama, kamar daga cikin rijiya.

"Yaushe wannan ya fara?" likitar ta tambaya.

"Wallahi, likita, ɓoye mana ta yi," in ji Addi. "Kin san matanmu na dutse, lalle da taurin kai. Na yi na yi da ita mu sauko, ta ce sai baƙi sun ragu. Ni ban san ya kai haka ba sai yau."

"A gida ɗaya kuke, ba ka ji wari ba?"

"Kusa da garke take kwana. Ita ta zaɓa."

Ijja ta so ta ɗaga kai, wuyanta ya ƙi. Likitar ta ce da an zo sati biyu da suka wuce, wanki da allura ne. Da an zo ko Larabar nan, watakila yatsu ne kawai. Yanzu sai dai a ceci abin da ya rage. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Kwana uku bayan haka, Addi na zaune a bakin gadonta, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, fuskarsa ta washe kafin ya tuna inda yake. Doguwa ta kai inda waya ke kamawa. Tauraro biyar ta bayar, ta rubuta cewa ba ta taɓa ganin gida mai kula da ƙafar matafiyi kamar wannan ba, ta kuma haɗa da hoton wata ƙafa ja a cikin ruwa.

Gidaje irin na Addi suna nan jere a kan hanyar nan daga gabas har yamma, kuma kusan kowanne akwai wata a bayansa wadda ba a rubuta sunanta a allo ba. Wata yaya ce, wata gwaggo, wata bazawarar da ta dawo gida. Baƙi na yaba karamcin mutanen dutse, kuma ba ƙarya suke ba, karamcin akwai shi. Ba dai sa tambayar jikin wa aka yanka aka yi shi.

Kwana goma sha shida Ijja ta yi a asibiti. Ranar da aka dawo da ita akwai baƙi takwas a gidan, burodin Yamna kuma ya riga ya rage wa gidan taurari. Addi ya sauke ta daga alfadari da kansa, yana ta sannu, ya ba ta sandunan dogarawa, ya ce kafin ta kwanta ta zo ta ga abin da ya yi mata. Ya kai ta madafa.

Ya sa an gina mata dakali na siminti a gaban tanderu, daidai tsayin zama, har da matashi. An sauko da kantar kwanuka ƙasa. An jawo famfo kusa, da bahon wanki a gefensa. Mai zama a wurin zai iya kwaɓi, ya gasa, ya yi wanki, ba tare da ya tashi ko sau ɗaya ba.

"Kin gani?" ya ce yana murza hannu. "Magini daga gari na ɗauko. Yanzu ba ruwanki da tsayuwa."

Ijja ta zauna a kan dakalin, don ƙafa ɗaya ba ta daɗe da ɗaukar mutum. Yamna ta turo mata kwanon kwaɓi gabanta, an riga an zuba gari da ruwa da yisti.

"Sannu da dawowa, Lalla. Ƙarfe bakwai za su ci."

Ijja ta dubi kwanon. Ta ɗaga hannayenta biyu ta juya su, ciki da baya, kamar yau ta fara ganinsu. Sannan ta harɗe su a ƙirji, ta cusa tafukan a hammata.

"Lalla, lokaci na tafiya," in ji Addi.

"Ƙafar kun ci, Allah ya amfana muku. Waɗannan nawa ne."

"Haba, Lalla, wace irin magana ce wannan? Mutum takwas fa!"

"Ko ɗari ne."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya tuna mata wanda ke ciyar da ita. Ya ce in ba za ta yi aiki ba to ta san inda za ta nufa. Ta ce ya ɗauke ta ya ajiye a ƙofar masallaci, ta ga ko zai iya. Daga tsakar gida wani baƙo ya ɗaga murya yana tambaya cikin fara'a ko abinci ya kusa. Addi ya gyara fuska ya fita da sauri. Yamna ta tsaya tana kallon kwanon, ta dubi Ijja, ba ta ga alamar wasa ba. A ƙarshe ta cire zobbanta, ta naɗe hannun rigar adon, ta durƙusa a ƙasa a gaban dakalin.

"Ruwa ya yi yawa," Ijja ta ce mata, ba ta kwance hannuwanta ba. "Amma ba ni zan gyara ba."